Kuɗin hidima a rukunin gidaje: nawa ne, wa zai biya, kuma wa ke riƙe da asusun?

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara ta zo ƙarshe, kwamitocin rukunin gidaje a Abuja da Kaduna da Kano sun fara raba takardar kuɗin hidima na baɗi, ƙura kuma ta tashi kamar kullum. Wannan ya ce an tsawwala, wancan ya ce gidansa a kulle yake don me zai biya, ɗan haya ya ce a je a tambayi mai gida. Ina roƙon masanan da ke nan su warware mana: yaya ake fitar da adadin, wa ya wajaba a kansa, kuma me ake yi da wanda ya ƙi biya? Don kada mu yi ta magana a iska, mu ɗauki misalin rukuni mai gidaje 60, get ɗaya, rijiyar burtsatse biyu, taransifoma ɗaya, da janareta na haɗaka.

Hajiya Akanta:
Wa alaikumus salam. Kuskuren farko shi ne a leƙa rukunin da ke maƙwabtaka a ce su nawa suke biya, mu ma mu sa haka. Ba daga sama ake yanko adadi ba, daga ƙasa ake gino shi. A zauna a rubuta duk abin da zai ci kuɗi a wata goma sha biyu masu zuwa: masu gadi, masu shara, motar kwashe bola, wutar fitilun titi da ta famfon rijiya, kwashe masai, yashe kwata kafin damina, feshin sauro, cajin banki, ladan mai binciken kuɗi. Kowane layi da takardar farashi a bayansa, ba ƙiyasin baki ba.

Gadi shi ne ya fi cin kuɗi, kuma a nan ake yawan yaudarar kai. Kujera ɗaya da ake so a same ta da mutum dare da rana ba mutum biyu take ci ba, uku take ci, domin mai aikin awa goma sha biyu yana da ranar hutu, yana rashin lafiya, yana zuwa gida da salla. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma naira 70,000 a wata tun Yulin 2024. Idan kamfanin gadi ya kawo farashin da bai kai haka ba a kan mutum ɗaya, alhali a ciki zai cire ribarsa da kuɗin kaki, to ku sani abin da zai isa hannun mai gadin bai taka kara ya karya ba, kuma mai gadin da ke jin yunwa shi ne ke buɗe get a kan ɗari biyar.

Bayan an tara jimilla, sai a buɗe aljihu na biyu. Wannan shi ne wanda galibin rukunai ba su da shi.

Abban Sadiya:
Aljihu na biyu kamar yaya, Hajiya?

Hajiya Akanta:
Asusun ajiya don manyan kayan da za su mutu wata rana. Taransifoma, janareta, famfon rijiya, tankin sama da ƙarafan da ke ɗauke da shi, katanga, kwalta ko intalok na titi. Ba ɗaya daga cikinsu da zai dawwama. A rubuta kowanne, nawa ake sayen sabo yau, shekara nawa ta rage masa. Misali, abin da sabonsa ke naira miliyan 12 kuma ya rage masa shekara 10, to kowace shekara a ajiye masa miliyan 1.2, wato naira 20,000 a kan kowane gida cikin 60 ɗin nan. A sake lissafin duk shekara saboda farashi ba ya tsayawa. Wanda ya biya dubu ashirin a hankali ba zai ji a jikinsa ba, amma ranar da taransifoma ta ƙone a tsakiyar zafin Afrilu aka ce kowa ya kawo dubu ɗari biyu cikin mako guda, rabin mutane ba za su iya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Asusun nan lambarsa daban a banki, kuma ba a taɓa shi don biyan albashi ko sayen man gas.

Injiniya:
Ina goyon bayan Hajiya, amma ina da gyara a jerin da ta kawo. Man janareta kada a cusa shi cikin kuɗin hidima da ake rabawa daidai. Shi ne tushen rabin faɗan da ake yi. Gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki biyar da gidan da ke da fanka biyu, ta yaya za su biya kuɗin mai iri ɗaya? A sa wa kowane gida mitarsa ta kati, kowa ya sayi abin da zai sha.

Ga yadda ake fitar da farashin. Janareta mai kVA 100 ƙarfinsa na aiki kilowat 80 ne. Idan yana ɗauke da kashi uku cikin huɗu, wato kilowat 60, yana shan kimanin lita 17 a awa. A ce awa 8 kullum, lita 136 ke nan a rana, 4,080 a wata, ya ba da yunit 14,400 na wuta (yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Kowane yunit ya ci lita 0.28. Idan muka ƙaddara lita a naira 1,200, yunit ɗaya ya tashi naira 340, man kawai. Ba a sa sabis ba, wanda ake yi duk bayan awa 250, wato kusan duk wata a wannan lissafin: baƙin mai, filtar mai, filtar man gas. Ba a sa albashin mai kula da shi ba, ba a sa ajiyar sayen sabo ba. Ku kwatanta da wutar layin Band A, wato ajin da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, da aka kai yunit ɗinta naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauto da ita. Kwamitin da ya sayar da wutar janareta a farashin wutar layi, asara yake tafkawa a kan kowane yunit, kuma daga kuɗin gadi da shara zai riƙa cike giɓin ba tare da kowa ya lura ba.

Wannan lamba ta 0.28 ita ce idon kwamiti. A sa littafi a ɗakin janareta: awar da aka tayar, awar da aka kashe, abin da agogon awa ya nuna, abin da mitar fita ta nuna, da awon tanki da sanda safe da yamma. Ƙarshen wata a raba lita da yunit. In an ga ta haura zuwa 0.4, ɗayan uku ne: ana zuƙe mai, ko injin na da matsala, ko ya yi wa kayan da ke kansa girma. Na ukun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Injin man gas da ke yawan aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya ƙone man sosai, sai ka ga baƙin maiƙo yana tsiyaya daga bakin salansa, yana cin mai yana kuma lalacewa. Maganinsa ƙaramin janareta na dare, ko a mayar da fitilun titi da famfon rijiya kan sola.

Maman Hanifa:
Injiniya, to idan kamfanin wuta mita ɗaya babba ya sa wa rukunin gaba ɗaya fa? Sau da yawa kowa ya sayi katinsa, amma ƙarshen wata takardar kamfani ta zo ta fi abin da aka tara.

Injiniya:
Dole ta fi, Hajiya, tambayar ita ce da nawa. Tsakanin babbar mita da jimillar ƙananan mitoci akwai wutar haɗaka, akwai abin da ke salwanta a taransifoma da wayoyi, akwai kuma sata. A sa wa fitilun titi da famfon rijiya da ɗakin masu gadi tasu mitar, a biya su daga kuɗin hidima. Abin da ya rage bayan haka, in kaɗan ne kuma bai canzawa wata zuwa wata, asarar waya ce, a sa ta cikin farashin yunit. In yana hawa, wani ya zagaye mitarsa. Yawanci ba gidan duka ake zagayewa ba, layin hita ko na na'urar sanyaya ɗaki ake ja ta bayan mita, don kati ya ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan kada a gane. Shi ya sa ya fi kyau mitoci su zauna a akwati a waje, da hatimi mai lamba.

Alhaji na Layin Baya:
Ni inda na tsaya shi ne maganar rabo. Hajiya Akanta ta raba a kan 60 kamar duk gidajen ɗaya ne. Mai bene mai ɗaki shida da bikiu (ɗakunan bayan gida) da motoci huɗu, da mai ɗaki biyu, kuɗinsu ɗaya? Wannan ba adalci ba ne.

Hajiya Akanta:
Ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya, amma ba a kowane layi ba. Mai gadi ƙofa ɗaya yake tsarewa, fitilar titi ba ta san girman gida ba, waɗannan a raba daidai. Ruwa da bola sun danganta da yawan mutane, a yi musu mataki biyu ko uku. Inda rabo da girma ya zama tilas shi ne bene mai fulat-fulat, inda rufi ɗaya ne, matakala ɗaya, harsashi ɗaya. A Afirka ta Kudu doka ce: ana auna faɗin kowane fulat a raba da faɗin dukkansu, wannan kason shi ne rabonka a biya. Fulat mai murabba'in mita 120 a ginin da jimillarsa 1,200 zai ɗauki kashi 10 cikin ɗari. Dokarsu da ta fara aiki a 2016 ta wajabta asusu biyun nan da na ambata, da tsarin gyare-gyare na shekara 10, ta kuma ce in ajiyar ba ta kai rubu'in kuɗin gudanarwa na bara ba, sai an zuba mata aƙalla kashi 15 na kasafin bana. Ba a kuma canza sunan mai gida a rajista sai ƙungiyar masu gidajen ta ba da takardar cewa ba a bin gidan bashi.

Barista:
Wannan jimlar ta ƙarshe ta Hajiya ita ce abin da muke rasawa a nan, kuma ina so a tsaya a kanta. A can doka ce ta mayar da kai ɗan ƙungiya ranar da ka sayi fulat. A nan galibin ƙungiyoyin mazauna rajistar amintattu suke yi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020: a zaɓi amintattu, a rubuta kundin tsarin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Rajistar tana ba ƙungiya damar buɗe asusu da sunanta, ta kai ƙara, a kai ta ƙara. Amma ba ta ba ta ikon tilasta wa kowa zama ɗanta ba. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba mutum 'yancin shiga ƙungiya, a ciki har da 'yancin ƙin shiga. A 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a shari'ar kamfanin Megawatts da ƙungiyar mazauna Gbagada Phase 2, ta ce ba a tilasta wa mazauni zama mamba ko biyan kuɗin ƙungiya don kawai yana zaune a wurin.

Saboda haka ƙarfin ƙungiya ba a takardar CAC yake ba, a takardar cinikin gida yake. Tun ran gini tun ran zane. Mai sayen farko ya sa hannu cewa zai bi dokokin rukunin ya biya kuɗin hidima, kuma ba zai sayar ba sai mai saye ya sa hannu a kan irin wannan alkawari kai tsaye da ƙungiya. In akwai wannan, ba maganar 'yancin ƙungiya ake yi ba kuma, maganar alkawari ce da bashi. Inda aka riga aka sayar da gidaje babu wannan sharaɗi, sai a bi gida-gida da lalama a sa hannu a yarjejeniyar hidima. Aiki ne mai cin rai, amma babu wata gajeriyar hanya.

Alhaji na Layin Baya:
To Barista, wanda ya ƙi sa hannu kuma yana kwana lafiya da gadin da muke biya, a zuba masa ido? A rufe masa get mana, a yanke masa wuta.

Barista:
A'a, Alhaji, a nan kwamitoci ke jefa kansu cikin masifa. Hana mutum shiga gidansa, tsare motarsa, ko sa masu gadi su wulaƙanta iyalinsa ɗaukar doka ne a hannu, kuma mai bin bashi sai ya koma mai biyan diyya. Ku bambanta abin da ƙungiya ke sayarwa da abin da yake haƙƙin mutum. Wutar janareta da ruwan rijiyar ƙungiya hidima ce, in yarjejeniya ta ce wanda bai biya ba za a dakatar masa bayan sanarwa a rubuce, ana iya yi. Wutar da mutum ke saye kai tsaye daga kamfanin rarraba wuta da mitarsa, ba ruwan kwamiti da ita. Matakan su tafi a jere: tunatarwa, wasiƙa mai kwanan wata, tayin biya kashi-kashi, zama da dattawan rukuni, sannan zauren sulhu na kotu ko kotun ƙananan basussuka irin wadda Legas da Kano suka kafa. Liƙa sunayen mutane a get yana kawo kuɗi wata ɗaya, ya bar gaba ta shekaru, in kuma aka yi kuskure a lissafi ya zama ɓata suna.

Malam:
Ina neman izini in sa baki a kan tarar jinkiri, domin na ga takardun rukunai da yawa suna cewa wanda ya makara za a ƙara masa kashi kaza duk wata. Da zarar kuɗi ya tabbata a wuyan mutum ya zama bashi, ƙari a kansa saboda lokaci kuwa shi ne ribar da aka hana. Wannan ba ya nufin mai taurin bashi ya sami mafaka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wanda yake da hali ya ƙi biya yana cin gumin maƙwabtansa ne. Mafita: a ɗora masa ainihin abin da aka kashe wajen bin bashin, kamar kuɗin lauya da na sake haɗa layi. Wasu malaman zamani sun yarda da tarar da ba ta shiga aljihun mai bin bashi sai dai a bayar da ita sadaka, kamar yadda bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa ke yi. Asusun ajiyar ma, maimakon a bar shi hauhawar farashi tana cinye shi, ana iya sa shi a irin waɗannan bankuna ko a sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017.

Hajiya Akanta:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Sai dai a sukuk a sa kason da ba za a buƙata da wuri ba, a bar kuɗin famfo da na gyaran gaggawa inda hannu zai kai cikin kwana ɗaya.

Akwai kuma wani lissafi mai ɗaci. Kasafi miliyan 30 a kan gida 60, dubu 500 ke nan kowanne. In 45 ne kawai suka saba biya, miliyan 22.5 za ta shigo, giɓin miliyan 7.5 zai bayyana wajen watan tara, lokacin da masu gadi za su fara bin albashi. Wasu kwamitoci sai su raba 30 ɗin a kan 45, masu biya su ɗauki nauyin marasa biya a ɓoye. Ban yarda da ɓoyewar ba. A rubuta shi a fili a matsayin layi na kansa, taro ya gani ya amince, duk abin da aka ƙwato daga baya kuma ya tafi asusun ajiya.

Maman Hanifa:
Ɗan haya fa? Da gidan da babu kowa?

Barista:
Mai gida ne ƙungiya ta sani, shi ya yi alkawari. Tsakaninsa da ɗan hayarsa su rubuta wa zai biya me. Abin da ya dace: ɗan haya ya ɗauki na yau da kullum, mai gida ya ɗauki na ajiya, don bai kamata mai zaman shekara biyu ya saya wa wani taransifomar shekara ashirin ba. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce a ba da rasit na daban a kan kuɗin hidima, kuma ɗan haya yana da haƙƙin ganin bayanin yadda aka kashe a rubuce aƙalla duk wata shida. Ko a inda dokar ba ta aiki, ƙa'ida ce mai kyau a ara. Gidan da ke kulle ana iya sauke masa ruwa da bola, amma gadi da ajiya dole, ai gidan da babu kowa ya fi buƙatar ido. Haka gidajen da kamfanin da ya gina bai sayar ba, shi ma ya biya musu.

Tunda na ambaci kamfani, ranar da zai miƙa ragama kada a karɓi makullin get kawai. A karɓi taswirar rukunin da hukuma ta amince da ita, don filin wasan yara da na masallaci kada su wayi gari sun zama fuloti. A karɓi zanen inda bututu da wayoyi suka bi a ƙasa, da jerin masu bashi, da shaidar biyan harajin ƙasa. A rukunai da yawa na Abuja babbar takardar mallaka ɗaya ce da sunan kamfani, harajin yana taruwa a kanta masu gidaje ba su sani ba. A Maris 2025 hukumar birnin tarayya ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan wannan haraji na sama da shekara goma.

Injiniya:
Ga masu bene ina da jan kunne. A ranar 24 ga Yuni 2021 wani ɓangare na bene mai hawa 12 a Surfside da ke jihar Florida ta Amurka ya rufta, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta musu cewa ruwa ya yi wa kankaren ƙarƙashin wurin ninƙaya babbar illa. Aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗi, aikin da aka ƙiyasta kimanin dala miliyan 9 ya koma 15, kowane mai fulat aka yanka masa daga wajen dala 80,000 zuwa sama da 300,000, kuma ginin ya faɗi kafin a yi babban gyaran. Bayan nan jihar ta yi doka a 2022 ta wajabta duba tsoffin benaye, ta hana masu gidaje kaɗa ƙuri'ar yafe wa kansu ajiyar gyaran gini. Alamomin da za a lura da su a namu: tsatsa mai launin ƙasa tana tsiyaya daga rufin kankare, kankare yana ɓarewa rodi ya fito, tankin da ke ambaliya a kan rufi kullum saboda ƙwallon da ke tsayar da ruwa ya mutu. Filasta da fenti ba sa gyara wannan, rufe shi suke yi.

Abban Sadiya:
Allah ya saka da alheri. Saura tsaron kuɗin kansa, don wasu ba ƙin biya suke ba, amana ce ta yi ƙaranci.

Hajiya Akanta:
Kada sisi ya shiga asusun mutum, ko da shugaba ne, ko da na kwana ɗaya ne. Babu karɓar tsaba a get. Fitar da kuɗi sai da hannu biyu, kuma a banki ta intanet ma haka: ɗaya ya shigar, wani daban ya amince, don sau da yawa ana sa hannu biyu a cek amma na'urar tura kuɗi tana aljihun mutum ɗaya. Aikin da ya wuce adadin da taro ya yanke sai da farashi uku, ɗan kwamiti da ke da alaƙa da ɗan kwangila ya faɗa ya fita daga zaman. Duk wata a tura wa kowa takardar banki kamar yadda ta fito, ba taƙaitawar ma'aji ba. Mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara, taro ne zai zaɓe shi ba kwamiti ba. Wa'adi shekara biyu, kuma kada kowa ya sauka rana ɗaya, rabi su tafi rabi su tsaya.

Alhaji na Layin Baya:
Taron ne ai ba a zuwa. A kira mutum 60, goma su zo, a yanke, hamsin su ce ba da su aka yi ba.

Barista:
Kundin ƙungiya ya faɗi adadin da taro ke halasta da shi, a ce kashi ɗaya cikin uku na gidaje, gida ɗaya ƙuri'a ɗaya. Sanarwa ta fita kwana 21 kafin ranar, tare da kasafin kansa, ba ranar taro za a raba shi ba. Mai gidan da ke wani gari ya ba da wakilci a rubuce, ɗan hayarsa ma yana iya riƙe masa. In adadin bai cika ba a ɗaga da mako ɗaya, a rubuta tun a sanarwar farko cewa waɗanda suka zo karo na biyu su ne za su yanke. A ajiye shaidar cewa sanarwar ta isa kowane gida, da sa hannun wanda ya karɓa da kwanan wata, domin ranar da aka je gaban alƙali ita zai fara tambaya.